Bas ɗin Gidan Auta

Dogara Auta mai gadi ne a wani rukunin gidaje a unguwar Ain Khaled da ke Doha. Awa goma sha biyu yake yi a bakin ƙofa. Ya ɗaga ƙarfe mota ta shiga, ya sauke, ya ɗaga wata ta fita. Shekara goma ke nan yana wannan aiki, kuma mazauna gidajen ba su san komai a kansa ba sai abu ɗaya: idan ya sunkuyo ya gaishe ka, sai ka ji gilashin motarka na rawa. Mutum ne gajere, siriri, yunifom na yi masa yawa ta ko'ina. Amma murya, kamar daga ƙasan rijiya ake janyo ta.

Muryar tana da tarihi. Ubansa, Malam Auta, mai gyaran rediyo ne a Zonkwa, kuma dattijon coci. Wata shekara aka yi wa wani malamin sakandare canjin wurin aiki, ya bar masa akwati cike da faifan garmaho na baƙaƙen Amurka, irin waƙoƙin nan masu ratsa ƙirji da ake ce wa sol. Malam Auta bai ji Turancin ba sosai. Abin da ya ji shi ne muryoyi huɗu na hawa kan juna ba tare da wata ta ture wata ba. Ya leƙa tsakar gida, ya ƙirga 'ya'yansa, ya ga huɗu ne cif. Ba a tambayi ra'ayin kowa ba. Rifkatu, babbarsu, ita ce mai jan waƙa. Bulus da Damaris suka riƙe tsakiya. Dogara, wanda muryarsa ta fashe tun yana ɗan shekara goma sha uku, aka ba shi ƙasa, wato bas. Uwarsu tana buga tulu, irin na zumuntar mata ta coci. Malam Auta ya zuba kalmomin bishara da Hausa a kan salon faifan, ya raɗa musu suna Muryar Gidan Auta.

Kasat na farko a Jos suka yi shi, a 1991, a wani ɗaki mai makirufo ɗaya tal. Dole su huɗun suka matsu a gabansa, kafaɗa da kafaɗa, kuma haka suka saba tsayawa har abada. Na biyu, Kwando Goma Sha Biyu, shi ya ɗaga su. Motocin Jos zuwa Kafanchan suka riƙa sa shi har zaren ya saki, masu shayi a tasha ma sun san wurin da bas ke shigowa da "Na'am, Ubangiji", suna tare shi da cokali a jikin kofi. Na uku, na 1998, yana da aibi: a duk waƙoƙin bas yana makara, kamar wanda ya tsaya ɗaure takalmi. An ɗora laifin a kan mai situdiyo, aka daina zuwa wurinsa. Na huɗu faifan bidiyo ne, a 2005, suna tsaye a kan duwatsun Kagoro cikin anko. Bayan nan Malam Auta ya rasu, aiki da aure suka watsa su. Rifkatu ta zauna Kaduna tana aikin jinya har ta yi ritaya, Bulus na koyarwa a Abuja, Damaris na Zonkwa da mijinta Ishaya, Dogara kuwa ejan ya turo shi Doha.

Abu biyu Dogara ya yi imani da su game da kansa. Na ɗaya, Allah ya ba shi baiwar shiga. Bas ba ya rera waƙa daga farko har ƙarshe. Shiru yake yi, ya jira, sannan ya faɗo daidai gurbinsa, kuma shi bai taɓa ƙirga komai ba, kawai sai ya ji bakinsa ya buɗe. Na biyu, yayarsa Rifkatu ba ta san inda take ajiye ƙafa ba. Shekara da shekaru tana taka shi a gaban makirufo. Ya sha kai ƙara wurin ubansu, dattijon ya ce, "Yi haƙuri, yayarka ce, wurin ne ba faɗi."

A bana uwarsu za ta cika shekara tamanin. Rifkatu ta tono littafin ubansu, ta samu waƙoƙi uku da ya rubuta bai kai ga ɗauka ba, ta yanke cewa za a fitar da su kafin bikin. Su ukun na gida suka shiga situdiyo a Kaduna, tsohuwa ta buga tulunta, aka turo wa Dogara waƙoƙin ba bas. Aikinsa ya sa abin kunne, ya rera nasa a waya, ya tura a haɗa.

Ya tura. Mai situdiyo ya ce ya makara. Ya sake turawa, aka ce wannan karon ya riga kowa shiga. Sau huɗu ana haka. Ranar Talata saƙon muryar Rifkatu ya iso, kuma ita ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Dogara, ranar Asabar mutumin nan zai rufe aiki. In Juma'a ta wuce ba mu samu abin kirki ba, Ishaya zai yi bas. Ya riga ya haddace. Ka gaida mutanen ɗakinku."

Ishaya! Shekara da shekaru mutumin nan yana ɗaukar musu lasifika daga mota zuwa coci, yana gurnani a bayansu da fatan wani ya juyo. Mutumin kirki ne, amma ba ɗan gidan Auta ba ne. Kasat huɗu, ba a taɓa jin bas ɗin wani ba. Yanzu a waƙoƙin ƙarshe na ubansa, a gaban uwarsa, suruki zai tsaya a gurbinsa.

Dogara yana kwana a masaukin kamfani kusa da Asian Town, su shida a ɗaki. Gadon da ke saman nasa na Ghali ne, mutumin Funtuwa, direban motar da ke kai su aiki ta dawo da su. Shekara shida suna tare. Ghali na kiransa Fasto, shi yana kiran Ghali Ustaz, kuma ba wanda ya cancanci sunan a cikinsu. Ba su taɓa zama sun yi maganar addini ba. Da azumi Dogara ba ya cin abinci a ɗaki. Ranar Juma'a, da yake a nan ranar ake zuwa coci, Ghali kan sauke shi a hanya ba tare da an roƙe shi ba. Iyakar abin ke nan.

Da yammacin Laraba Ghali ya tarar da shi zaune a bakin gado, bai ko cire takalmin aiki ba.

"Fasto, wa ya mutu?"

Dogara ya zayyana masa komai. Ya ce masu situdiyon zamani ba su san aiki ba. Don ya kafa hujja, ya buɗe tsohon bidiyon Kagoro a wayarsa ya miƙa masa. "Duba nan. Ka ga na ƙirga wani abu? Ka ga na kalli wani? Baiwa ce, Ustaz."

Ghali ya kalla har ƙarshe. Ya mayar baya ya sake kallo. Direba ne, ya saba lura da abin da ƙafa ke yi.

"Wannan ta hagunka ita ce yayar?"

"Ita ce."

"Me ya sa duk lokacin da za ka buɗe baki sai zanenta ya motsa daga ƙasa?"

"Iska ce. Kan dutse muke."

"Iskar ce ke sa ka yamutsa fuska? Duba. Zane ya motsa, ka yamutsa fuska, Na'am Ubangiji. Ga shi kuma. Zane, fuska, Na'am Ubangiji. Fasto, matar nan giya take sa maka da ƙafa, kamar mota."

Dogara ya fizge wayarsa. Ya ce Ghali bai san waƙa ba, bai san komai ba sai hon. Sannan ya fita bakin matakala, ya kalli bidiyon sau uku shi kaɗai, ya kira Kaduna.

"Yaya, ina da tambaya. Takun nan da kike yi mini..."

"Oho," in ji Rifkatu. "Yau ka gane? Na ɗauka sai a sama za a gaya maka."

"Da gangan ne?"

"Baba ne ya sa ni. Ya ce yaron nan yana da muryar da ba kowa ke da ita ba, amma ba ya jin bugu ko kaɗan. Ya gwada ɗaga maka gira, ka ce wani abu ne ya faɗa masa ido. Ya gwada tafi, kai ma ka kama tafi. Ƙafa ce kawai ta yi aiki."

"Me ya sa ba a gaya mini ba?"

"Ya ce in ka sani za ka riƙa jiran ƙafar, ka ɓata fuska tun kafin lokaci."

"To kasat na uku fa? Mai situdiyon nan da muka zaga?"

"Ina da cikin wata tara. A kujera na yi waƙar, ƙafata ba ta kai ba. Bawan Allah, har yau in na gan shi a Jos tsallake titi nake yi."

"Wa da wa suka sani?"

"Mama. Bulus. Damaris. Zumuntar mata. Ishaya."

"Har Ishaya!"

"Shi ke ɗaukar mini takalmin. Ka ji, Dogara, na yi zaton a shekara hamsin ka warke, shi ya sa na turo maka. Ba na son ba wa Ishaya. Amma ba zan kai wa Mama bas mai ɗingishi ba. Juma'a."

Ranar Alhamis a bakin ƙofa ya gwada taka kansa. Ya sa abin kunne, ya ɗora ƙafar dama kan ta hagu, ya jira. Nan ya gano matsalar: wanda bai san lokacin shiga ba bai san lokacin taku ba. Wata mota ta daɗe tana hon kafin ya ɗaga mata ƙarfe.

A motar dawowa ya zauna gaba kusa da direba, waƙar na fita a hankali daga wayarsa. Suna tsaye a danja sai ya lura da yatsan Ghali a kan sitiyari. Yana bugawa daidai da tulun Mama, kuma duk inda aka bar wa bas gurbi sai ya ƙara ƙarfi. Sau biyu kawai mutumin ya ji waƙar.

"Ustaz."

"A'a."

"Ban ce komai ba tukuna."

"Na ga inda kake kallo. Fasto, waƙar coci ce. Ni ɗan Funtuwa ne, ina da surukai."

"Ba waƙa za ka yi ba. Taku za ka yi."

Ghali ya tuƙa har ya wuce sha-tale-tale biyu. Sannan ya kafa sharuɗɗa. Ba zai buɗe baki ba. Ba zai ce amin ba. Abin kunne ɗaya kawai zai sa. Kuma ƙarfe goma sha ɗaya zai tayar da mota, don shi ke kai mutanen masauki masallaci.

"Ni kuma taka ƙafar Kirista," ya ƙara da cewa, "ban taɓa jin malamin da ya hana ba."

Ɗakin mutum shida ba wurin ɗaukar murya ba ne, ga na'urar sanyaya ɗaki na ƙara kamar injin niƙa. Don haka safiyar Juma'a, ƙarfe takwas, Dogara ya fasa zuwa coci saboda waƙar coci, suka shiga motar kamfani a filin ajiye motoci. Aka kashe inji, aka rufe tagogi. Watan Yuli ne. Kafin su gama jingina wayar a kan kujera, rigunansu sun manne. Suka tsaya a tsakiyar mota kafaɗa da kafaɗa, igiyar abin kunne ta haɗa su, kowa da ɗaya.

Ghali ya zo da takalmin aiki mai ƙarfe a baki. Da gurbi ya zo ya sauke shi da niyya ɗaya. Abin da ya fito daga bakin Dogara ba bas ba ne, ko Damaris ba ta taɓa hawa can ba.

"Kashe ni za ka yi?"

"Ka ce taku."

Ya koma silifa. Yanzu kuma Dogara bai ji komai ba sai da gurbi ya wuce. Ya gwada ƙafa tsirara. Sun yi takwas, tara, duk da suka saurara bas na baya da ɗan kaɗan, kamar fasinjan da ke bin mota da gudu.

"Kawo lambar yayar nan," in ji Ghali.

"Ba sai ta sani ba."

"Zumuntar mata ta sani, Fasto. Yalla, kawo."

Rifkatu ta ɗauka a bidiyo, da gilashi a hanci, ta tarar da fuskar baƙo na zubar da gumi.

"Hajiya, ina kwana. Ghali ne, direba."

"Ni ba Hajiya ba ce, ɗana."

"To Yaya. Ni ne sabon mai taku. Mota na ƙin tashi a kan lokaci."

Ba ta yi dariya ba. Ta gyara gilashi kamar za ta ba ma'aikacin jinya umarni. "Wace ƙafa kake takawa?"

"Dama."

"Hagu. Damarsa ba ta kai saƙo. Ƙaramin yatsa, da dunduniya, ba da tafin ƙafa ba. Kuma a ina kake takawa?"

"Daidai kan bugu."

"Shi ne kuskurenka. Rabin bugu kafin nan. Sai zafin ya taso daga yatsa ya iso kai, kuma kan Dogara ba ya sauri. Wane takalmi ne da kai?"

Ya nuna mata duka biyu. Ta ce ba ko ɗaya. Ita koyaushe da takalmin coci mai ɗan tudu take yi. Suka dubi juna. A ƙarshe Dogara ya ɗingisa zuwa ɗaki ya ɗauko nasa na zuwa coci, baƙi, mai tauri a dunduniya. Ghali ya tura ƙafa ɗaya a ciki, rabin diddige a waje, ya tsaya da jallabiya da takalmi ɗaya yana cewa kada wanda ya ɗauke shi hoto.

Waƙa ta farko ta faɗa gurbinta a gwaji na biyu. Dogara da kansa ya ji, kamar ƙofa ta shiga madanninta. Ta biyu ta ci gwaji huɗu. Suna gamawa wayar ta rubuta cewa ta yi zafi, ta ɗauke. Ƙarfe goma da kwata. Ghali ya naɗe ta a leda ya cusa cikin kular ruwan direba, suka buɗe ƙofa suka zauna a matakala suna haki, Dogara riƙe da yatsansa da ya fara canza launi.

"Shekara nawa ta yi tana wannan?" Ghali ya tambaya.

"Kusan ashirin."

"Kuma tana jan waƙa a lokaci guda? Fasto, yayarka ce ƙungiyar. Ku sauran fasinja ne."



Sha ɗaya saura minti ashirin wayar ta farfaɗo. Waƙa ta uku daban take. Ita ce ta ƙarshe a littafin Malam Auta, mai tafiya a hankali, a kan mutumin da ya gama aikin yini yana wanke hannu kafin ya shiga gida. A tsakiyarta tulu na tsayawa, Rifkatu ta ja baiti ɗaya ita kaɗai, a yi ɗan shiru, sannan bas ya ɗauka. Suka rufe ƙofa, suka tsaya. Tulu ya tsaya. Rifkatu ta ja baitinta. Shiru ya zo, ya wuce, su Bulus suka shigo, waƙa ta ci gaba ba bas. Dogara na tsaye da iska cike da ƙirji, ido a rufe, yana jira.

Ya buɗe ido. "Ustaz, ina ƙafa?"

Ghali na kallon taga. "Mantawa na yi."

"Mantawa?"

"Saurare nake. Babanka ne ya rubuta wannan?" Ya share fuska da hannun riga. "Gumi ne. Mayar baya."

Mutanen masauki sun fara taruwa a inuwar ginin da dardumansu a kafaɗa, wani ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi. Ghali ya ɗaga masa yatsa biyar. Suka sake. Wannan karon da shirun ya zo, dunduniya ta sauka kan ƙaramin yatsa, muryar ta taso daga ƙasa ta cika motar har ƙarfen kujeru na amsawa, kuma mai ƙwanƙwasa gilashin ya sauke hannunsa. Dogara ya tura duka uku yana tsaye a kan ƙafa ɗaya. Ghali ya cire takalmin, ya tayar da inji, ya buɗe sanyi har ƙarshe, ya leƙa waje ya ce, "Khalas, an gama, ku shigo."

Amsa ba ta zo ba sai ranar Asabar da rana, Dogara na bakin ƙofa da igiyar takalmin hagu a kwance. Rifkatu ce ta kira.

"Mai situdiyo ya ce bai taɓa komai ba, haka ya ɗora. Na sa wa Mama ta ukun. Ta ce a sake sa mata. Bas naka ne."

Dogara ya zauna a kan kujerar roba. "Ishaya fa?"

"Na ba shi tafi a waƙa ta biyu, an rubuta sunansa. Yana ta kiran danginsa. Wannan direban, mene ne cikakken sunansa? Za mu sa a bangon faifai."

"Ya ce in kin tambaya in ce ba ki san shi ba."

"To a gaya masa ya fi Bulus kunne."

Wata mota ta tsaya, ya ɗingisa ya ɗaga ƙarfe, ya dawo.

"Yaya, na sha cewa ba ki san inda kike ajiye ƙafa ba. A gaban mutane ma. Ki yafe mini."

"Ba komai," in ji Rifkatu. "Ai ba duka takun ne na waƙa ba. Wasu kai ka ja wa kanka."